Yadda zaka zaga dajin New Forest na Ingila a kan keke, daga Brockenhurst zuwa Burley ka dawo

Idan kana zaune a Landan ko Southampton ko Bournemouth, karatu ne ya kawo ka ko aiki, kuma idonka ya gaji da bulo da kwalta, akwai wani daji a kudancin Ingila, a yankin Hampshire, mai suna New Forest, wanda ni dai a ganina keke ne kawai yake bari ka gan shi yadda ya kamata. A mota kafin ka ankara ka wuce komai, a ƙafa kuma ya fi ƙarfinka, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 566. Kuma ba sai gwani ba, ƙasar kusan a shimfiɗe take, hawan da ke ciki kaɗan ne, in dai zaka iya tuƙa keke ka kama birki ka tsaya ba tare da ka zube ba, to ka isa.

Fara da sanin na waye wurin

Kafin a zo maganar tikiti da haya, wannan ne ya kamata ya zauna maka a kai, don duk sauran dokokin daga nan suka fito. A wajajen 1079 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya ware wurin ya zama dajin farautarsa. Talakawan da ke zaune a ciki aka hana su katange gonaki da taɓa barewar sarki, amma aka bar musu haƙƙin sakin dabbobinsu su yi kiwo a fili, kuma wannan haƙƙin har yau yana nan, yana liƙe da gidaje da filaye ne, duk wanda ke riƙe da irin wannan filin yana da shi. Su ake kira Commoners. Ƙananan dawakan nan da zaka gani ko ina, kusan 5,000, da shanu da jakuna, duk ba na jeji bane, kowanne da mai shi. Akwai wata tsohuwar kotu a garin Lyndhurst ta mutanen da ake kira Verderers, su ke kula da harkar kiwon, suna da ma'aikata biyar da ke yawo suna duba lafiyar dabbobi da karɓar kuɗin shekara, in mai doki ya biya sai a yi wa jelar dokin wani irin aski da ke nuna yankin da yake. Wanda ya tashi a inda makiyaya da burtali suke ba sai an masa dogon bayani ba, makiyaya ce, kai kuma wucewa kazo yi. An mayar da wurin gandun ƙasa a 2005 amma hakan bai ƙwace wa masu kiwo komai ba.

Shi yasa a nan in doki ya tsaya tsakiyar titi, mota ce take jira, kuma kai ma mai keke haka zaka jira.

Wane lokaci zaka je

Daga Mayu zuwa Satumba shine lokacin. In so kake kaga buɗaɗɗen filin dajin mai gajerun ciyayi ya koma launin shunayya gaba ɗaya har iya ganinka, to tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin ne ciyawar heather take fure, sai dai kuma lokacin ne hutun makarantu, mutane sun cika ko ina, musamman Asabar da Lahadi. In kana da hali ka je ranar aiki. Oktoba ma tana da nata kyau, ganye ya yi ja ya yi ruwan ɗorawa, amma rana ta fara gajarta. A watan Yuni sai ƙarfe tara na dare ta wuce kafin rana ta faɗi, a Disamba kuwa wajen ƙarfe huɗu duhu ya fara, ga laka ga sanyi, ni bazan tura sabon shiga a wannan lokacin ba gaskiya.

Daga Maris zuwa Yuli tsuntsaye da yawa suna ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, ba a kan bishiya ba, wannan na daga cikin dalilan da yasa ake matsa wa mutane kada su sauka daga hanya.

Jirgi da keke

Ka sauka a tashar Brockenhurst, ita ce ƙofar da ta fi sauƙi. Daga tashar Waterloo ta Landan kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgin South Western Railway, daga Southampton kuwa kamar kwata ne kawai. Masu tahowa daga Manchester ko Birmingham akwai jirgin CrossCountry mai zuwa Bournemouth, sai dai a duba ko yana tsayawa a nan. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa tun da wuri, kuma in ɗalibi ne kai ka yi katin ragi na jirgin ƙasa, yana cire kashi ɗaya cikin uku.

Zaka iya zuwa da kekenka, amma wurin ajiye keke a cikin jirgi ƙalilan ne, kuma akwai awannin cunkoso na safe da yamma da ba a yarda a shiga da keken da ba mai naɗewa ba a kusa da Landan, sai ka duba tukuna. Abin da ya fi kwanciyar hankali shine haya. Akwai shagon hayar keke dab da tashar Brockenhurst, akwai kuma a Burley da wasu wuraren. A lokacin zafi ka kama naka ta intanet kwana biyu uku kafin ranar, in ba haka ba sai ka iso a ce maka saura na yara.

Wane iri? Kada ka ɗauki mai siririyar taya irin na 'yan tsere, hanyoyin tsakuwa ne, zai ta zamewa kuma faci ba zai ƙare ba. Ka nemi mai matsakaiciyar taya ko mai kauri, mai giya. In ka daɗe baka hau ba, ko da dattijo a cikinku, akwai mai batir, dokar ƙasar ta ce injinsa kada ya wuce wat 250, kuma yana daina taimaka maka in ka kai gudun mil 15.5 a awa, sannan sai ɗan shekara 14 zuwa sama. 'Yan uwa mata masu abaya ko dogon siket, ku ce a baku wanda babu sanda a tsakiya, ku sa wando a ciki, ku tattare ƙasan rigar ku ɗaure, haka ma jelar hijabi ko mayafi a cusa ta cikin jaket, don in sarƙa ko taya ta kama tufa abin ba daɗi.

Kafin ka bar bakin shagon ka yi waɗannan, minti biyar ne: ka sa a daidaita maka sirdi yadda in feda tana can ƙasa ƙafarka ta kusa miƙewa amma bata miƙe sarai ba, sirdin da ya yi ƙasa shi ke kashe gwiwa. Ka matsa birki biyun ka gani, ka kuma riƙe a ranka cewa a Birtaniya na hannun dama shine na tayar gaba, in ka damƙe shi shi kaɗai a gangare a kan tsakuwa zaka tashi ta saman keken. Ka canza giya sama da ƙasa ka ji ko sarƙa na tsalle. Ka karɓi makulli da famfo da kayan faci ko sabon tubu, da hular kwano, doka bata tilasta ta ba amma ka saka kawai. Sai ka tambayi ƙarfe nawa suke rufewa ka ajiye lambar shagon a waya.

Abin da zai shiga jaka

Ruwa kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu, har da na alwala. Rigar ruwa mara nauyi ko da gari ya waye garau, sararin samaniyar Ingila ba a rantsuwa a kansa. Dogon wando da doguwar safa, dalilin yana zuwa a ƙasa. Abinci, dabino, gyaɗa, burodi, duk abin da ba zai lalace ba. Fawa bank, don netwok yana ɗaukewa a cikin bishiyoyi kuma wayar da ke neman sabis tana shan caji. Ƙaramar darduma mai naɗewa. Leda ta zuba shara, a can cikin dajin ba kwandon shara, abin da ka shigo da shi kai zaka fita da shi. In akwai yiwuwar dare ya same ka, fitila fara a gaba ja a baya, wannan kam doka ce.

Kada ka ɗauko murhun gashi ko risho da niyyar a yi suya a daji. Tun 1 ga Yulin 2023 kunna wuta ko gashi a fili laifi ne, tarar fam 100 nan take, in aka je kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Ƙasar wurin da busasshiyar ciyawar in suka kama wuta suna ci har ta ƙarƙashi.

Taswira da turaku masu lamba

Nan ne baƙi suke yawan shiga matsala. Ba ko wace hanya da ka gani a dajin ake hawa da keke ba. Akwai hanyoyin tsakuwa sama da mil 100 da aka ware, hukumar Forestry England ke kula da su, kuma a duk mahaɗa zaka ga guntun turken katako mai alamar keke da lamba a jiki. Lambobin nan suna kan taswirar keke ta dajin, wadda zaka samu a shagon haya ko ka sauke a waya tun kana gida. Yadda ake yi, kafin ka tashi ka rubuta jerin lambobin da zaka bi a takarda ko a bayan hannu, duk turken da ka iso ka duba ya yi daidai da na gaba a jerinka. In ka yi tafiya mai ɗan tsawo, ka wuce mahaɗa baka ga turke ba, ko tsakuwa ta ƙare ka fara taka ciyawa, ka juya ka koma turken ƙarshe da ka gani, kada ka ce bari in yanke ta nan. Wurin da ya yi kore shar a kwari sau da yawa fadama ce mai zurfi, tana haɗiye taya har da takalmi.

Manhajar taswira ta waya wani lokaci zata nuna maka 'yar siririyar hanya ta ce ka bi, bata san dokar wurin ba, turke ne alƙali. Mai son taswirar takarda cikakkiya ya nemi ta Ordnance Survey mai lamba OL22.

A kan kwalta kuma, hagu ake bi, kuma wanda ya saba da hannun dama ba a miƙaƙƙen titi yake mantawa ba, a lokacin da ya fito daga hanyar daji ya shiga titin da babu mota ne, sai jiki ya kai shi dama. Duk fitowa ka tsaya, ka duba dama tukuna, sannan hagu. Manyan titunan A31 da A35 da A337 ka guje musu, tsallakawa kawai.

Hanyar kanta

Zagayen da nake ba mutane shawara mil 20 ne da 'yan kai, kilomita 30 da ɗoriya, wanda ya saba zai gama a awa uku amma ba wannan ya kawo ka ba, ka ba shi wuni guda. In ka tashi ƙarfe goma na safe ka dawo wajen huɗu ko biyar, ka yi daidai.

Kafin ka fita gari, in kana da rabin awa, ka leƙa cocin St Nicholas da ke kan ɗan tudu bayan tasha. Akwai bishiyar yew a harabar da aka ƙiyasta ta haura shekara 1,000, ga kuma layin kaburburan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawa 'yan New Zealand da wasu 'yan Indiya, don a lokacin an yi asibitocin soja a garin. Sai ka gangaro ta Brookley Road, babban layin kantuna, ka sayi abin da ya rage maka. A ƙarshen layin akwai inda rafi ya ratsa ta kan titi ba gada, in an yi ruwa ya ƙaru kada ka yi jarumta, akwai 'yar gadar ƙafa a gefe, ka tura keken ta nan.

Daga nan ka nufi kudu maso yamma ka kama tsohon layin dogo. Wannan layin an buɗe shi a 1847, wani lauya Charles Castleman ne ya tsaya a kansa, aka daina ɗaukar fasinja a 1964, aka kwashe ƙarafunan, yanzu ya zama hanyar tsakuwa a miƙe, babu hawa babu gangare, jirgi dama baya son tudu. Ita ce ta fi dacewa ka saba da keken. Kuma a nan ne zaka fara ganin abin da ni na fi so a wurin baki ɗaya, wanda ba bishiyoyin bane. Fili ne buɗaɗɗe har ƙarshen gani, ciyawar heather da wata ƙaya mai furanni rawaya da ake kira gorse, ga dawakai a warwatse kowa ya sunkuyar da kai yana ci, ba shinge ba makiyayi. Mutane na ɗauka haka Allah ya bar wurin ba a taɓa ba, alhali bakin dabbobin nan ne ya riƙe shi a haka ɗaruruwan shekaru, da za a kwashe su, cikin 'yan shekaru ƙananan bishiyoyi zasu rufe filin, tsuntsaye da ƙadangarun da ke rayuwa a cikinsa su rasa wuri. Irin wannan filin ya kusa ƙarewa a sauran kudancin Ingila, noma da gine-gine sun cinye, nan ne babban yankin da ya rage. To ka rage gudu a nan, ka tsaya in ka ga dama, iska kuma tana da ƙarfi tunda ba abin da ke tare ta, in tana bugo ka ta gaba ka sauko da giya ka bi a hankali.

Zaka fita ɗan guntun kwalta kafin ka iso Holmsley, inda tsohon ginin tashar jirgin ya zama gidan shayi. Wuri ne mai kyau na hutun farko, akwai bayi. Daga nan layin ya ci gaba ta gefen fadama har wurin ajiye motoci na Burbush, sai ka hau titin Pound Lane kamar mil ɗaya ka shiga Burley.

Burley ƙauye ne ƙarami mai gidajen jan bulo da masu rufin ciyawa, a da can ya yi suna wurin 'yan fasa ƙwauri masu shigo da kaya daga bakin teku. Kada ka yi mamaki in ka ga shaguna cike da tsintsiya da 'yar tsanar mayu da tarkace irin wannan, wata mata ce Sybil Leek ta zauna a garin a shekarun 1950 tana cewa ita mayya ce, daga baya ta koma Amurka, mutanen gari kuma suka ga ciniki ya faɗo. Tallar 'yan yawon buɗe ido ce kawai, ka yi a'uziyya ka wuce ka nemi ayis kirim. Ka ɗaure keken da makulli ko minti biyu zaka yi, kuma kada ka bar abinci a kwandon gaba, jakuna da dawakan garin sun fi ka sanin abin da ke cikin leda.

Wanda ya gaji a nan, babu kunya, ya juya ta hanyar da ya zo, ya samu wuni mai kyau. Mai sauran ƙarfi ya fita ta arewa maso gabas ya shiga cikin bishiyoyi. Nan yanayin ya canza gaba ɗaya, inuwa, sanyi, ƙamshin ganye, kuma zaka riƙa cin karo da ƙofofin katako, don waɗannan sassan an katange su ne tun ƙarnonin baya saboda a raini itacen gina jiragen ruwan yaƙi ba tare da dabbobi sun cinye tsiron ba. Duk ƙofar da ka buɗe ka rufe ta ka ji ta kama. Hawan da ya fi tsawo a ranar yana nan, zuwa Bolderwood, ba mai tsanani bane amma yana da naci, ka saka giya mai laushi tun kafin ka fara jin nauyi, canza giya kana tsakiyar danna feda da ƙarfi shi ke zare sarƙa. A sama kusa da titi akwai gicciyen katako inda sojojin Kanada suka riƙa taruwa suna addu'a kafin a tsallaka da su Faransa a 1944.

A Bolderwood akwai dandamalin katako da ake tsayawa a hango barewa a cikin wani fili, sa'a ce, wani lokaci garke guda wani lokaci ko ɗaya, sun fi fitowa in ba hayaniya. Akwai tebura da bayi, nan ya fi dacewa da abincin rana da Azahar.

Daga nan gangare ne mai daɗi ta cikin manyan itatuwa, siririn titin kwalta ne kuma motoci na bi, to kada daɗi ya ɗebe ka. Kafin ka kai babban titi ka tsaya ka ga Knightwood Oak, bishiyar oak da ta haura shekara 500, kaurin gindinta ya wuce mita 7. In ka lura rassanta duk daga wuri ɗaya suka fashe, saboda a da ana sare kan bishiya ne ta sake tofo a samu itace da ganyen dabbobi, sai dokar 1698 ta hana, don rundunar ruwa na son dogayen katakai, kenan tsofaffin da ka gani da wannan siffar sun girmi dokar.

Sai A35. Nan ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, motoci na zuwa da gudu ta ɓangare biyu. Ka sauka daga kan keken, ku taru in kuna da yawa, ku jira sarari sosai ku tura ku tsallaka. Da ka tsallaka ka shiga Rhinefield, layin dogayen bishiyoyi da aka kawo irinsu daga yammacin Amurka aka dasa a tsakiyar ƙarni na 19, biyu daga ciki sun kai wajen mita 50. Hanyar ƙafa da ke bi ta gindinsu ba ta keke bace, ka ɗaure shi a wurin ajiye motoci na Blackwater ka taka. Daga nan titi zai fito da kai fili kuma, ta Whitefield Moor, ka gangara Brockenhurst.

Dawakai, shanu, aladu

Kada ka ba doki abinci, kada ka shafa shi. Dokar 2023 ɗin nan ta haɗa da wannan, tarar ma iri ɗaya ce. Ba mugunta bace, dokin da ya saba karɓar abinci a hannu yana dawowa bakin titi yana jira, mota ta buge shi, ko ya fara cizon yara. Suna da sanyin gani amma suna harbi, musamman goɗiya mai ɗa, kada ka taɓa ratsawa tsakaninta da ɗanta, haka ma saniya. In sun tare hanya ka rage gudu tun daga nesa, ka yi magana a hankali su ji ka, ka zaga ta gabansu da tazara, ba ta baya ba. Ƙararrawa kusa da kunnensu firgita su take. In kuma mutum ne a kan doki, ka yi masa magana tun kana baya, ka wuce a hankali da tazara mai yawa, kuma ba ta hagunsa ba.

Daga Agusta zuwa kaka ana kora dawakan a tara su don dubawa, mahaya na sukuwa a bayansu, in ka ga allon sanarwa an rufe wani sashe ranar, ka canza hanya. Sannan daga Satumba ana sakin aladu na aƙalla kwana 60 su cinye 'ya'yan itacen oak da suka zubo, waɗanda guba ne ga doki da saniya amma alade ba ruwansa. Na faɗa ne don kada ka sha kwana ka yi kiciɓis da su ka rikice, ba su kula mutane in ba a tsokane su ba.

A bakin ƙauyuka zaka ga an jera ƙarafuna a kan rami a faɗin titi don dabbobi kada su wuce. Ka hau su a miƙe, kada ka karkata kan keken, kada ka kama birki a kai, in kuma da ruwa a jiki suna santsi, ka sauka ka bi ta ƙofar gefe.

Sallah da abin ci

Kada ka sa ran masallaci a ƙauyukan nan, sai Southampton ko Bournemouth, to in Juma'a ce ka tsara da wannan. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take. Wuri kam ba matsala, ka matsa gefe kan gajeriyar ciyawa kusa da hanya, ka duba kashin doki kafin ka shimfiɗa. Naman halal ma da wuya, shi yasa na ce ka taho da naka. A gidajen shayi akwai sanwic na cuku ko ƙwai ko kifin tuna, da dankalin turawa gasasshe. In zaka sayi soyayyen kifi ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, da yawa haka suke yi kuma suna rubutawa a jikin takardar abinci.

In ka samu rana ta biyu

Ka yi gabas zuwa Beaulieu. Hanyar ta ratsa wani babban fili da aka yi filin jirgin saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ta wuce tafkin Hatchet, sai dai akwai kwalta mai motoci a ciki fiye da ta jiya. A Beaulieu akwai kufan gidan ibadar da Sarki John ya kafa a 1204 da gidan tarihin motoci na ƙasa, mil biyu da wani abu a gaba kuma Buckler's Hard, ƙauye mai layi biyu na gidajen bulo suna kallon juna har bakin kogi, inda aka gina jirgin yaƙin Agamemnon a 1781 da itacen yankin, wanda Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya taɓa jagoranta. Kwana a fili da tanti haramun ne a dokar dajin, akwai sansanonin kwana na kuɗi irin Hollands Wood da Roundhill kusa da Brockenhurst.

Kafin ka hau jirgin komawa

Ka mayar da keke kafin a rufe shago, in wani abu ya lalace ka faɗa musu. Sannan maganar dogon wando da na ce tana zuwa: kaska. Tana nan da yawa a doguwar ciyawa saboda barewa, ƙarama ce ƙwarai, wani lokaci kamar ɗigon biro, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. Maciji mai dafi ma akwai iri ɗaya, shi kaɗai ne a duk Birtaniya, amma gudun mutum yake, in tsautsayi ya sa ya sari wani a kira lambar gaggawa 999. Kaskar ce abin dubawa. Da ka isa gida ka cire kaya ka duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata, matsematsi, yara kuma har cikin gashi da bayan kunne. In ka samu, ka kama ta da ɗan hantsaki mai siririn baki dab da fata ka ja sama a hankali, kada ka matse cikinta, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai, sai ka wanke wurin. A makonnin da suka biyo baya in ka ga wani jan zagaye yana faɗaɗa a wurin, wanda a baƙar fata ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama kamar tabo mai duhu, ko ka ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je wurin likitanka ko ka kira layin shawarar lafiya 111 ka gaya musu ka shiga New Forest kuma kaska ta cije ka.